Tukunyar tiriri ta shagon tatu: wacce za a saya, wacce za a bari a kanti

Bututun ƙarfe da allurar tatu ke kai da komowa a cikinsa shi ne ke yanke hukuncin na'urar kashe ƙwayoyin cuta da mai shago zai saya. Almakashi da hantsaki da faranti duk a buɗe suke, tiriri na taɓa ko'ina a jikinsu. Bututu kuwa rami ne siriri, jini da tawada na shiga cikinsa su bushe, iska kuma ta maƙale a tsakiyarsa ta hana tiriri isa. Tukunyar da ba ta iya fitar da wannan iskar ba ta gama aiki ba, ko da allonta ya nuna digiri 134.

Hukuncin tatu a wurin malamanmu sananne ne, ba kuma shi muka zo tattaunawa ba. Amma shagunan suna nan a Turai da Amurka, suna nan a Legas da Abuja, kuma na'urorin da za mu duba su ne dai masu huda kunne da hanci da masu zanen gira ke buƙata, har da wanzamin da ke son askarsa ta tsarkaka. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe na aƙalla kwana 7. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, yawancinsu ba su sani ba.

Da farko a kawar da kayan da ake tallatawa da sunan kashe ƙwayoyin cuta alhali ba sa yi. Akwatin nan mai shuɗin haske da ake gani a shagunan aski, haskensa na aiki ne a inda ya sauka kawai, ba ya lanƙwasawa ya shiga bututu, ba ya ratsa busasshen jini. Ya dace da ajiya, shi ke nan. Tukunyar duwatsun gilashi masu zafi ba ta dumama ƙarfe daidai daga baki zuwa gindi. Tafasa a ruwa tana tsayawa a digiri 100, a Jos ma kusan 96 saboda tudu, kuma akwai ƙwayoyin da ke shiga kwanso su jure wannan zafin. Sifirit na goge fata da tebur ne. Ruwan bilic yana cin ƙarfe, ya bar ƙananan ramuka da datti zai ɓuya a ciki. Tanda mai busasshen zafi ita tana kashewa da gaske, amma sai ta yi awa 2 a digiri 160 ko awa 1 a 170, tana narkar da roba, kuma jakar leda da takarda da ake rufe kayan aiki a ciki ba ta jure ta.

Abin da ya rage shi ne otokilef, tukunyar tiriri mai matsi. Lissafinta bai canzawa: digiri 121 na minti 15 zuwa 20 a matsin kusan bar 1, ko digiri 134 na minti 3 zuwa 4 a matsin kusan bar 2. Ƙidayar tana farawa ne daga lokacin da zafin ya kai, ba daga lokacin da aka kunna ba. Tiriri yana kashewa da sauri haka saboda idan ya taɓa ƙarfe mai sanyi sai ya koma ruwa ya sauke zafinsa gaba ɗaya a wurin. Inda iska ta tsaya tsakani, wannan ba ya faruwa, wurin ya zama kamar tanda, ga shi minti 4 a tanda ba komai ba ne.

Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13060 ta raba ƙananan tukwane gida uku. Ajin N yana barin tiriri ya tura iska waje da kansa, don haka an yi shi ne domin ƙarfe marar rami wanda ba a naɗe ba. Ajin B yana da famfo da ke zuƙe iska, ya saki tiriri, ya sake zuƙewa, yawanci har sau uku kafin a fara ƙidaya, sannan ya sake zuƙewa a ƙarshe don busarwa. Ajin S yana tsakiya, abin da kamfanin ya rubuta cewa yana iyawa shi kaɗai yake iyawa, sai an karanta littafinsa.

Yawancin tukwane masu araha da ke cike da kasuwannin intanet ajin N ne, wasu ma ba su faɗi ajinsu ba. Ga mai aiki da bututun ƙarfe, waɗannan asarar kuɗi ne, kuma sun fi rashin tukunya haɗari, domin suna sa mutum ya saki jiki. Idan mai sayarwa ya ce ajin B ce, a nemi ganin shirin gwajin yoyon iska da na gwajin Helix, wanda ke nuna ko tiriri na shiga cikin rami, a allonta. Babu su, ba B ba ce.

A cikin ajin B, jerin Vacuklav na kamfanin Melag da ke Balin da Lisa ta kamfanin W&H na Ostiriya su ne irin da asibitocin haƙori suka daɗe suna dogaro da su, masu ɗaukar lita 17 zuwa 22. Suna karɓar bututu a cikin jaka, su fito da shi a bushe, suna ajiye bayanin kowane zagaye, kuma idan zafi ko matsi ya kauce sukan tsaya su nuna kuskure maimakon su ce an gama. Wannan tsayawar ita ce rabin abin da ake biya wa kuɗi. Aibinsu a bayyane yake. Sabuwa tana cin miliyoyin naira, zagaye guda da busarwa yakan kai minti 30 zuwa 45, suna jan wutar kusan kilowat 2, famfonsu kuma yana buƙatar ƙwararren mai gyara. Kafin a saya a tabbatar akwai wakilinsu da ke da robar ƙofa da matata a ƙasar, domin tukunyar da robarta ta tsage tana iya zama wata biyu tana jiran abin da bai fi tafin hannu ba.

Statim ta kamfanin SciCan na Kanada daban take. Babu babbar tukunya, kaset ne siriri da ake zurawa kamar aljihun tebur, kuma ana dafa ruwa kaɗan ne daidai buƙatar zagaye. Shi ya sa Statim 2000 ke gama kayan da ba a naɗe ba cikin kusan minti 6, abin da ya sa masu huda jiki suke ƙaunarta: a sa ɗan kunne da hantsaki, a fitar a gaban mai shi a yi aiki nan take. A Turai tana ajin S. Tana fitar da iska ta hanyar bugun tiriri sau da dama, tana da shirin kayan rami, amma wajibi ne a duba ko faɗi da tsawon bututunka suna cikin abin da kamfanin ya gwada. Kaset ɗin ƙarami ne, manyan mariƙai, wato ɓangaren injin tatu da ake riƙewa a hannu, huɗu ko biyar a jaka sun cika shi, busar da kayan jaka kuma yana ɗaukar lokaci mai tsawo har saurin ya ɓace. Robar kaset ana canza ta bayan zagaye 500 ko wata 6. Tana da tsantseni a kan ruwa: idan gishirin cikinsa ya wuce kashi 5 cikin miliyan, sai ta ƙi tashi. Ga shagon da ya fi yin huda, ta cancanci kuɗinta. Ga mai tara bututu ashirin a wuni, ba ita ba ce.

Midmark M9 da M11 sun cika shagunan Amurka, masu ƙarko ne, kayan gyaransu na samuwa, kuma su ne ake yawan kawowa na hannu. Ba su da famfon zuƙe iska, da bugun tiriri suke aiki. Babbar matsalarsu a nan ita ce wuta, domin na kasuwar Amurka na bolt 115 ne, mu kuwa 230 muke da shi. Ƙaramar taransifoma ba ta ɗaukar nauyinsu, ta yi zafi ta ƙone. A duba farantin da ke bayan na'ura kafin a biya. Duk tukunya ta hannu kuma, kowace iri ce, ba a sa mata kayan aiki sai ta ci gwajin ƙwayoyi, wanda bayaninsa ke zuwa a gaba, sau uku a jere.

Inda wuta ba ta da tabbas akwai tukunyar All American ta alminiyam da ake ɗorawa a kan gas. Tana kai digiri 121 da gaske, amma komai a hannun mai aiki yake: a bar bawul a buɗe tiriri ya yi ta fita da ƙarfi na wasu mintuna har iska ta ƙare, a rufe, a tsaya a kan agogon matsi. Ba ta busarwa, ba ta ajiye bayani. Ta dace da aska da almakashi, ba ta dace da bututu a jaka ba. Su kuma masu lantarki, idan aka ɗauke wuta a tsakiyar zagaye, kayan ba su tsarkaka ba, sai a canza jaka a fara daga farko. Janareto ya zama aƙalla kilowat 3 ba tare da firji ko na'urar sanyaya ɗaki a kansa ba, a kuma haɗa da sitabilaiza.

Tukunya komai tsadarta ba ta wanki. Jinin da ya bushe a cikin bututu, tiriri dafa shi zai yi ya ƙara manne shi. Da an gama aiki, a sa safar hannu mai kauri, a kwance mariƙi da bututu da baki, a sassauta ƙananan kusoshinsa, a jiƙa a ruwan sabulun enzayim kafin su bushe. A zura siririn buroshi cikin bututun a ƙarƙashin ruwa don kada ya fantsama. Daga nan sai injin wanki na altarasonik, wanda ke girgiza ruwa sau 40,000 a daƙiƙa. Mai lita 2 zuwa 3 ya ishi ƙaramin shago. A kunna shi babu kaya na minti 5 zuwa 10 duk lokacin da aka zuba sabon ruwa, don iskar cikin ruwan ta fita. Zafin ruwan kada ya wuce digiri 40, sama da haka jini na daskarewa. Kaya a cikin kwando, ba a ƙasan tanki ba, murfi a rufe, minti 10 zuwa 15. Gwajinsa mai sauƙi ne: a rataya fallen takardar alminiyam a ruwan na minti ɗaya, idan ta fito da ƙananan huji ko'ina yana aiki, idan ta fito sumul ya mutu ko da yana ƙara.

A ɗauraye, a busar sarai, har cikin ramin. A sa kowane bututu a jakarsa a kwance, kada jaka ta cika fiye da kashi uku cikin huɗu, a manne bakinta daidai kan layi ba tare da tattara ba. A jera su a tsaye a gefensu, takardar wannan na fuskantar ledar wancan, da ɗan sarari a tsakani. Cusa kaya shi ne kuskuren da ya fi yawa, sakamakonsa jiƙaƙƙiyar jaka, ita kuma jiƙaƙƙiyar takarda ƙwayoyin cuta na ratsa ta. Jakar da ta fito da danshi a ɗauke ta kamar ba ta shiga ba. A rubuta kwanan wata da lambar zagaye a gefen jaka, ba a tsakiyar takardar ba inda biro zai iya huda ta.

Ruwan tukunya tatacce ne kawai, wanda aka mayar tiriri aka tare. Ruwan famfo da na rijiyar burtsatse da na leda suna barin farin gishiri ya toshe bawul ya ɓata ƙarfe da tabo. Ƙaramin injin tace ruwa mai lita 4 ya fi dogaro da jarkar da ba a san asalinta ba. Wannan ruwan kuma ba na sirka tawada ba ne, domin tatacce daban, tsarkakakke daban. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutanen da fatarsu ta kamu da ƙwayar Mycobacterium chelonae daga tawada mai ruwan toka da aka sirka tun kafin ta iso shago.

Layin da ke canza launi a jikin jaka yana nuna ta ji zafi ne, ba ya nuna ta yi mintunan da ake so. A sa takardar gwaji mai aji 5 a cikin jaka guda a kowane zagaye, a tsakiyar kaya. Tukunyar B a yi mata gwajin Helix kowace safiya: bututu ne mai tsawon mita 1.5 da faɗin milimita 2, da takardar gwaji a rufaffen ƙarshensa, idan tiriri bai kai can ba takardar ba ta juyawa. Gwajin yoyon iska a yi shi mako-mako tukunya na sanyi. Sai gwajin ƙwayoyi, wanda shi ne shaida ta gaskiya. Ƙaramar kwalba mai ɗauke da ƙwayar Geobacillus stearothermophilus, mai jure zafi, ake sawa cikin kaya, bayan zagaye a fasa ta a ajiye a na'urar ɗumi a digiri 55 zuwa 60 na awa 24 zuwa 48, tare da wata kwalbar da ba ta shiga tukunya ba. Wadda ba ta shiga ba dole ta koma rawaya, wadda ta shiga ta tsaya a shunayya. Idan ta shiga kuma ta yi rawaya, a dakatar da tukunyar, a janye duk jakunkunan da aka yi tun gwajin ƙarshe da ya yi kyau. Jihohi da dama a Amurka wata-wata suke nema, amma mako-mako ya fi.

Injin tatu kansa ba ya shiga tukunya, ana naɗe shi da leda a goge shi bayan kowane mutum. Allura ba a maimaita ta ko kusa, daga fata sai akwatin kaifi. Ƙaramin shagon da ba zai iya sayen ajin B da kula da ita ba, gara ya koma kan allurar katirij, wadda ke zuwa a cikin kwanson robarta, da mariƙin roba na amfani sau ɗaya, waɗanda aka tsarkake da iskar gas a masana'anta. A duba ranar ƙarewarsu da lafiyar jakarsu, a zaɓi katirij mai tantanin roba da ke hana tawada komawa cikin inji, a kuma buɗe a gaban mai shi.