Tsohuwar Fedar Speed King: Wata Takwas Bayan Na Kwance Ta Na Wanke

Feda ce ta babbar ganga, wadda mai kaɗa gangunan Turawa yake takawa da ƙafa. Gwanjo na saye ta a intanet, kuma mai sayarwar ya rubuta cewa tana aiki lafiya lau. Ranar da ta iso na danna matakin da hannu, ya sauka ya yi zamansa, sai da na ɗago shi da yatsa. Ga tsatsa a sandar mabugin, ga wani wari kamar na tsohon gareji. Na yi wa mutumin magana, ya ce ai tsohon kaya ne. Ban ja da shi ba, domin dama na san abin da nake nema.

Ludwig Speed King ce. William F. Ludwig da ɗan'uwansa Theobald da feda suka kafa kamfaninsu a Chicago a 1909, ita kuma Speed King ta fara fitowa a 1937. Na farko-farko suna ɗauke da tambarin WFL, wato harufan farko na sunan William F. Ludwig, kuma su masu tara tsofaffin kayan kiɗa suka fi nema. Tawa "Ludwig" aka rubuta a matakinta, saboda haka ba ta yi tsada ba.

Abin da ya sa na nace mata shi ne ƙirarta. Fedojin zamani yawanci sarƙa ce take jan mabugi, da sifirin ɗaya a gefe wanda yake miƙewa idan ka taka. Wannan ba sarƙa, wani ɗan ƙarfe ne ya haɗa mataki da mabugi kai tsaye. Sifirin kuma biyu ne, a ɓoye cikin ginshiƙai biyu da ke riƙe da mabugin, kuma matsewa suke yi idan ka taka, ba miƙewa ba. To a cikin ginshiƙan ne matsalar tawa take. Giris ɗin da aka zuba tun shekaru aru-aru ya daskare ya zama kamar ƙaro.

Na kwance sukurorin da ke ƙarƙashi, sifirin da 'yan sandunan da ke tura su suka ƙi fitowa. Kwana biyu suna jiƙe a kananzir kafin suka saki. Murafun da suka rufe boris a saman ginshiƙan su ne suka fi ba ni wahala, har na haƙura na kai wa wani mai gyaran babur a unguwarmu. Ya juya ta, ya sake juyawa, ya ce, "Malam, wannan kuma na wane inji ne?" Da na ce na ganga ne, sai da ya ajiye ta ya yi dariya. Amma ya ɗan gasa wurin ya fitar da murafun ba tare da ya lanƙwasa su ba. Wanda zai yi wannan aiki ya shimfiɗa farin tsumma tukuna, domin 'ya'yan boris ƙanana ne, kuma idan ɗaya ya gangara ƙasa sai dai wani ikon Allah. Na wanke komai da tsohon buroshin haƙori, na sa sabon giris, na goge tsatsar, na sauya mabugin. Fentin jikinta da ya kankare ban taɓa shi ba, haka na fi son ta.

Yanzu wata takwas ke nan ina kiɗa da ita, kuma gaskiya ta biya ni. Ba ta da nauyi a ƙafa, kuma mabugin yana dawowa da sauri kamar yana bin tafin ƙafarka. Bugu biyu a jere, wanda a da nake fama da shi, yanzu yana fita ba tare da na yi yaƙi ba. Sai dai na ɗauki kusan mako uku kafin ƙafata ta saba, saboda ba ta da sassaucin nan na sarƙa. Duk abin da ka yi, mai kyau ko kuskure, ganga za ta faɗa.

Sai batun ƙara. An san ta da ƙiƙi-ƙiƙi, har makaɗa suna mata laƙabi da "Squeak King", wato sarkin ƙiƙi-ƙiƙi. Marigayi John Bonham, makaɗin gangar ƙungiyar mawaƙan Led Zeppelin, da ita ya yi kiɗa, kuma mai kunne yana jin kukanta a wasu faya-fayensu. Ringo Starr, makaɗin gangar ƙungiyar The Beatles, shi ma ya yi amfani da ita. Tawa ɗigon man keken ɗinki a mahaɗar diddige yana rufe mata baki na 'yan makonni. A wurin biki ba mai ji. A situdiyo kuwa, inda makirufo yake dab da ganga, kullum da kwalbar man nake zuwa.

Wanda ya saba da feda mai wuraren saiti goma zai ga wannan ba ta da yawa: ƙarfin sifirin, tsawon mabugi, da farantin diddige da ake juyawa. Sukurun da ke kama bakin ganga ma a ƙarƙashin mataki yake, sai ka durƙusa ka zura hannu. An daina ƙera ta a 2014, aka dawo da sabuwa a 2020, don haka wanda ba ya son ƙamshin kananzir yana da mafita. Ni dai na riga na ga wata tsohuwar feda ƙirar Rogers Swiv-O-Matic da maɗaurinta ya tsinke, muna kan ciniki.