Mai ba da shawarar da na nema kan zaman aure

Da ni da maigidana mun taɓo magana mai nauyi, sai muryata ta hau rawa, kuka ya riga ni. Shi ya sa na nemi wata mai ba da shawara, muna ganawa ta bidiyo.

Na ji daɗi da ba ta ce "ki yi haƙuri" ta sallame ni ba. Ta kawo min binciken John Gottman, wani masani kan zaman aure: idan bugun zuciya ya haura 100 a minti, mutum ba ya fahimtar abin da ake faɗa masa. Sai a dakata aƙalla minti 20, amma a tsayar da lokacin dawowa kan zancen. Ta koya min sakin numfashi a hankali, hannuna a ƙirji, kuma yana min aiki.

Ƙorafina ɗaya: lokacin kan ƙare ina tsakiyar bayani.