Mai jinyar ta yi, kamfanin ne ya ba ni haushi

Bayan an sallamo Hajiyarmu daga asibiti da shanyewar ɓarin jiki, dole ta sa muka nemi irin kamfanonin nan na Kaduna da ke turo mai jinya har gida. Ni ina wurin aiki, ƙanwata kuma tana fama da goyo. Kuɗin wata kun san yadda yake, kuma sai ka biya kafin a fara.

Wadda suka fara turo mana, Allah ya saka mata da alheri. Ranar da ta zo ta duba ƙugun Hajiya da duga-duganta da kafaɗu, ta ce nan ne gyambon kwanciya ke fara ci. Duk awa biyu sai ta juya ta, ta sa filo tsakanin gwiwoyi, ta rubuta lokacin a littafi tare da awon hawan jini. Ba ta ba ta ko kunu sai ta tayar da ita zaune, cokali ɗaya ɗaya, don kada ta ƙware. Har alwala takan yi mata. Hajiya da ba ta son baƙo ya taɓa ta, sai ga ta tana cewa "ina 'yata?" Har na fara ba abokai lambar kamfanin.

Kwatsam wata Juma'a sai ga wata daban a ƙofa, babu wanda ya kira ya sanar da mu. Ashe sun ɗauke ta farkon sun kai ta Abuja, gidan da ya fi biya. Sabuwar kuwa waya ce aikinta. Littafin nan ko buɗe shi ba ta yi ba. Kafin mako ya zagayo ƙanwata ta zo canza famfas ta tarar da shi jagab, ga wani jan tabo a ƙugu wanda ko ka danna da yatsa ba ya washewa. Daga nan fata ta sale. Mai ciwon suga fa ake magana, kun san yadda rauni ke wahalar warkewa a jikinsu.

Na kira manajan raina a ɓace, sai ce min ya yi: "Yallaɓai, a yi haƙuri, ai duk ma'aikatanmu ɗaya ne." Ɗaya ne? Na ce to a nuna min lasisinta na hukumar nas-nas da ungozomomi, tunda kuɗin nas kuka karɓa. Aka yi ta kame-kame, ƙarshe dai aka ce horon 'yan makonni aka ba ta. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Mai kula daban, nas daban, farashinsu ma daban, amma a takardar biyan kuɗi nas suka rubuta. Yanzu ma na tuna, mai duba aiki da suka ce zai riƙa leƙowa, har yau ban ga ƙeyarsa ba.

Katifar iska da mai wankin ciwo duk daga aljihunmu suka fita, ragin da na nema kuma an ce sai shugaba ya dawo daga tafiya. Ƙarshen watan nan muke rabuwa da su. Abokan da na ba lambar na riga na bi su ɗaya bayan ɗaya na ce su dakata.