Sifikar da ke bambanta sin da sad

A Zariya idan aka ce sifika mai kyau, yawanci ana nufin wadda za a kunna a Tudun Wada a ji ta a Ƙofar Doka. Ni ma da haka na tashi, har na taɓa kwaso wata ƙatuwa a Sabon Gari an rubuta mata 5000W PMPO a jiki. Lambar talla ce kawai. Masu abin RMS suke dubawa, wato ƙarfin da sifika ke iya riƙewa a jere ba tare da muryarta ta shaƙe ba.

Wata uku ke nan da na sayi Yamaha HS5 guda biyu, na hannu, wajen wani dattijo mai gyaran kayan sauti a unguwar PZ. Ƙanana ne, farin fefensu inci 5, kowace wat 70. Da na gan su na ce, "Baba, waɗannan ai ko falo ba za su cika ba." Bai tanka ba. Ya sa karatun Alƙur'ani, ya ce in zauna tsakaninsu in rufe ido. Wallahi sin daban na ji, sad daban, har numfashin da makarancin ke ja kafin ya ɗauki aya. Ya sauya zuwa kalangu, sai ga lokacin da makaɗi ke matse igiyoyi a hammata, sautin na hawa yana sauka kamar mai magana. Ya ce, "Yaro, wannan ake biya wa kuɗi, ba hayaniya ba."

Amma kada mai biki ya saya. Ƙasan sautinsu ya tsaya ne wajen Hz 54, wato ba sa kaiwa ga sauti mai kauri sosai, babu dukan ƙirjin nan da samari ke so; ƙanena ya saurara minti biyu ya ce an cuce ni. Ramin iskarsu a baya yake, da na manna su da bango sai sautin ya kumbura, sai da na janyo su kamar taku ɗaya.

Kuma ba sa rufa asiri. Rabin waƙoƙin da aka turo mini ta WhatsApp yanzu ji nake kamar ana soya ƙosai a bayan mawaƙin. Na goge su, ina bin masu inganci, wato MP3 mai 320kbps da FLAC (fayil ɗin da ba a rage wa sauti komai ba), ɗaya bayan ɗaya, data kuwa na ta tafiya.