Gadon jariri mai buɗaɗɗen gefe: abin da na gani bayan wata biyar

Wata biyar ke nan da muka ɗauko gadon jariri na katako daga wurin wani kafinta a Sabon Gari, irin wanda ake buɗe gefensa ɗaya a haɗa shi da gadon uwa. Mun saye shi 'yarmu tana da wata shida, lokacin da ta iya birgima har ta kusa faɗowa daga gadona sau biyu a dare guda. Hajiya, mahaifiyar maigidana, ba ta yi na'am da sayen ba. Da aka sauke shi daga Keke Napep a ƙofar gidanmu da ke Gyallesu a Zariya, cewa ta yi: "'Yar nan, mu da muka raine su a jikinmu, me ya same su?" Ban ja da ita ba, domin nima ba raba ɗaki na yi niyya ba, wuri kawai nake so yarinyar ta samu inda hannuna zai kai gare ta ba tare da na danne ta cikin barci ba.

Amfanin gadon bai fito sosai ba sai da ta shiga wata takwas, ƙiwa ta kama ta. Yarinyar da a da kowa ke ɗauka ta koma ba ta yarda da kowa, kuma da dare takan farka sau huɗu ko biyar tana lalube, in ba ta ji ni ba ta tsala kuka. Da na kai ta awo, ma'aikaciyar jinya ta ce min wannan ba ciwo ba ne. A wannan matakin ne yaro ke fara gane cewa uwarsa tana nan ko da ba ya ganinta, amma bai san za ta dawo ba, kuma abin yakan fi tsanani tsakanin wata goma da wata goma sha takwas kafin ya lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce jariri mai wata 4 zuwa 11 yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a kwana guda, har da na rana. Da na lissafa na 'yata a wancan makon, da ƙyar yake kai awa goma.

A nan gadon ya biya kuɗinsa. Da yake katifarsa daidai take da tawa a tsayi, ba na tashi, ba na kunna fitila, sai in miƙa hannu in ɗora mata a ƙirji in yi mata magana ƙasa-ƙasa har ta koma. Na haɗa da tsari ɗaya kowane dare bayan sallar isha'i: wanka da ruwan ɗumi, shayarwa, addu'a, sannan in kwantar da ita a rigingine tun idonta bai gama rufewa ba. Cikin mako uku farkawar ta ragu zuwa sau biyu. Ba zan ce gadon ne ya yi maganin ƙiwar ba, domin har yau in na shiga madafa sai ta biyo ni da rarrafe tana kuka, amma ya sa lallashin dare ya zama aikin minti biyu maimakon goyo da zagaye tsakar gida cikin sanyin hunturu.

Sai dai akwai aibu, kuma ba ƙanana ba ne. Katifar da ta zo da shi soso ce mai laushi wadda fuskar jariri ke iya nutsewa a ciki, ga rata da ta bari a gefe, dole muka sa aka yanko mai tauri daidai da faɗin gadon. Tazarar da ke tsakanin sandunan ta yi daidai, ba ta wuce santimita 6 da ake so ba, na auna da kaina. Gidan sauron da aka ɗinka masa kuwa ba mai magani ba ne, kuma ba ya rufuwa in an buɗe gefen, sai muka koma ga babban gidan sauro mai magani da ya lulluɓe gadajen biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne sakatar gefen. Tana ƙara in an taɓa ta, kuma cikin wata biyu ta fara yin sako-sako. Daga baya na san cewa Amurka ta haramta sayar da gado mai gefen da ke sauka tun 2011, saboda jarirai na maƙalewa a ratar da yake bari. Da na koma wurin kafintan, bai yi gardama ba: "Hajiya, a kawo shi in ɗaure da noti," in ji shi, kuma bai karɓi ko sisi ba.

Yanzu tana da wata goma sha ɗaya, ta fara dafa sanduna tana miƙewa, don haka an rufe gefen gaba ɗaya an sauke katifar ƙasa, hannuna yana shiga ta tsakanin sanduna. Wadda za ta sa a yi mata irinsa, ta faɗa wa kafinta tun farko ya sa noti a madadin sakata, ta kuma sayi katifarta dabam.