Bulala ko kujerar gaba

Yaro mai larurar galahanga (autism, wadda ke shafar yadda yaro ke mu'amala da mutane) ya toshe kunnuwansa yana ihu, aji ya hargitse. Malami na iya zare bulala ko ya kora shi waje. Aji zai yi tsit, amma gobe yaron zai dawo da tsoro ƙari a kan abin da ke damunsa, don sau da yawa hayaniya ce ke gigita shi, ba taurin kai ba.

Ɗaya hanyar ta fi cin lokaci, kuma ita nake goyon baya. A zaunar da shi gaba, nesa da taga. A ba shi umarni ɗaya gajere, a nuna masa hoton abin da za a yi bayan wannan darasi. In ya rikice, a bar shi ya huce a kusurwa. A tambayi mahaifiyarsa me ke kwantar masa da hankali a gida.