Na yi wa Alhaji ƙaurar domen da hostin, ga yadda sabon kamfanin ya yi mana

Alhajin da nake kula wa da shafin intanet dillalin fata ne da ƙirgi, ma'ajiyarsa na nan wajen Kasuwar Kara, kuma masu saye daga Kano, Legas har Italiya ta imel suke nemansa. Shafin kansa bai dame shi ba. Rabonsa da buɗe shi tun ranar da na nuna masa hotunan fatar jar akuyar Sakkwato da muka ɗora. Amma imel, nan kuɗinsa yake: takardar farashi, shaidar biya, hoton kaya kafin a loda. Shi ya sa da na ce za mu bar kamfanin waje da ke ajiye mana shafin da imel, wato hostin, mu dawo na gida, magana ɗaya ya yi: "Malam, wanga aiki naka ne. In wasiƙa guda ta ɓace, kai zan riƙe." Na ce, "Ranka shi daɗe, na ji."

Dala ce ta kore mu. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuɗin sabuntawa na shekara ya yi ta hawa har ya kusa ninkawa uku, ga wahalar neman katin da zai biya. Sabon kamfanin da naira ake biyansa, cPanel, manhajar sarrafa hostin, yake amfani da shi kamar tsohon, kuma ya yi alkawarin kwashe kaya kyauta. Wata uku ke nan muna tare.

A kan shafi, ban da abin cewa. Ranar Laraba na ba su izinin shiga, Alhamis da safe sun kwashe komai: shafin, rumbun bayanansa, da akwatunan imel bakwai, kowanne da tsohuwar kalmar sirrinsa. Na gwada a kwamfutata kafin duniya ta gani, babu hoton da ya ɓace.

Inda muka fara saɓani shi ne da ma'aikacinsu ya rubuto cewa in sauya nemsaba, wato saitin da ke nuna kamfanin da ake tambaya adireshin shafi da na imel, nan take, aiki ya ƙare. Na ƙi. Mutane na ɗauka domen, wato sunan shafi a intanet, da hostin da imel abu guda ne, alhali uku ne da igiya ɗaya ta ɗaure, igiyar kuwa ita ce DNS, tsarin da ke haɗa suna da adireshin saba, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi ko imel. Ɗan kasuwa in ya tashi daga rumfa, ba ya kulle tsohuwar ranar. Yakan bar yaro ya riƙa nuna wa masu zuwa sabon wuri. Sauyin nemsaba na domen mai .com kan iya ɗaukar awa 48 kafin ya game ko'ina, kuma a tsakanin nan wasu wasiƙun tsohon gida za su, wasu sabo. Don haka na bar nemsaba inda yake. Tun Laraba na rage TTL, tsawon lokacin da na'urori ke riƙe tsohon adireshi kafin su sake tambaya, daga daƙiƙa 14400, wato awa huɗu, zuwa 300. Juma'a bayan la'asar, lokacin da Turawan Alhaji ke shirin hutun ƙarshen mako, na juya adireshin shafin da layin MX, wanda ke faɗa wa duniya inda za a kai wasiƙa, suka fuskanci sabuwar saba. Kafin magariba wasiƙar gwajin da na aika ta sauka a sabon akwati.

Sai dai kwafin da kamfanin ya ɗauka na Alhamis ne. Duk abin da ya shigo daga nan zuwa yammacin Juma'a yana tsohuwar saba, kuma babu wanda ya ce mini za su koma su ɗebo. Da na tambaya, sai aka ce ƙaurar kyauta sau ɗaya ce. Da imapsync, manhajar kwafe wasiƙu daga akwati zuwa akwati, na kwaso su da kaina, daren Juma'a da kuma Lahadi. Wasiƙa 11 na tsinto, a cikinsu har da shaidar biyan kuɗi daga wani mai jima na Kano. Da na bi maganar ma'aikacin nan cewa aiki ya ƙare na rufe tsohon asusu, da ban san da wane ido zan kalli Alhaji ba.

Akwai kuma abin da ba laifin kowa ba ne. Akwatin akawu na gani wayam, babu ko wasiƙa ɗaya, gabana ya faɗi. Na hau babur cikin ranar Afrilu na tafi ma'ajiya. Na same shi zaune tsakanin ɗaurin fatu, warin gishiri da ɗanyen ƙirgi ya cika wuri, da wata tsohuwar kwamfutar cinya da batirinta ya mutu, da an ɗauke wuta take mutuwa. Ashe Outlook ɗinsa a kan POP3 aka saita, yana sauke wasiƙa yana gogewa daga saba. Wasiƙun shekara huɗu, kaf, a cikin wannan akwalar suke. Ya ce, "Ai ni kullum ina ganinsu, Malam." Na fitar da su zuwa filashi ina addu'ar kada wuta ta tafi, sannan na mayar da shi kan IMAP, inda wasiƙa ke zama a saba kowace na'ura ta gani.

Litinin da hantsi waya ta yi ƙara. "Malam, mi af faru? Na aika wa mutumin Legas takarda ta dawo min da dogon Turanci." Na ce ya turo mini hotonta. Lamba 550 5.7.26 ce, ma'ana Gmail bai gamsu cewa wasiƙar daga mai domen ta fito ba. Tun Fabrairun 2024 dokarsu ce duk mai aikowa ya kasance da SPF, layin DNS mai lissafa sabar da aka yarda ta aika wasiƙa da sunan domen, ko DKIM, hatimin da ake buga wa wasiƙa. Namu SPF ɗin tsohuwar saba yake ambata har lokacin, DKIM kuwa ba a taɓa kunna shi ba. Rabin laifin nawa ne, na duba shigowar wasiƙa na manta da fitarta. Ɗaya rabin na kamfanin ne, domin wasiƙunsu ta wata saba ta daban suke fita, kuma ba su rubuta haka a saƙon maraba ba. Na buɗe musu koke, cikin minti 40 suka turo layin da zan saka. Da yake TTL na kan 300, kafin Alhaji ya gama faɗa ya sake aikawa ta wuce. Lambar WhatsApp ɗinsu dai ado ce, saƙon da na tura Asabar sai Talata aka amsa.

Domen na bari ƙarshe. Bayan mako guda na kwafe layukan DNS ɗaya bayan ɗaya zuwa sabon kamfanin, na sauya nemsaba, babu abin da ya motsa. Sannan na gano da imel ɗin yaron da ya fara gina shafin aka yi rajista, shi kuma ya koma Abuja. Lambar EPP, lambar sirrin da ake buƙata don ƙaurar domen, wajensa za ta je, kuma sauya bayanan mai domen na iya jawo kullen kwana 60 a ƙa'idar ICANN, hukumar da ke kula da sunayen domen. Sai na lallaɓa shi ya turo lambar, aka yi kwana biyar domen ya iso da ƙarin shekara ɗaya, sannan na mayar da shi sunan Alhaji.

Zan sake kai musu aiki, don shafin na buɗewa da sauri kuma a wata ukun nan ban ga ya faɗi ba. Amma imel ba zan bar musu ba, kuma wanda bai san MX da SPF ba kada kalmar "kyauta" ta ruɗe shi. Tsohon asusun sai da ya ƙara kwana 30 kafin na rufe, kuɗin watan daga aljihuna. Filashin akawu kuwa Alhaji ya karɓe, ya sa a akwatin ƙarfensa tare da takardun fili.